Karatun aji ko aikin hannu? Amsa ga masu neman zama injiniya

Duk shekara, da sakamakon bak ya fito a Yamai, tambayoyin nan ne ke dawowa. Ga amsoshin wuri guda.

Wanne ya fi, lissafin aji ko aikin hannu?

Wace ƙafa ta fi amfani wajen tafiya? Mu wuce.

Shekara nawa ake yi?

Lisans 3, master 2 a kai. A EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu ta Yamai, akwai sashen manyan ma'aikatan fasaha, akwai na injiniyoyi. Ka je ka karanta allon sanarwa da idonka.

Mai gyaran unguwarmu bai yi lakwal ba, kuma yana haɗa sola. Me lissafi zai ƙara mini?

Yana haɗawa, gaskiya ne, kuma hannunsa ya fi naka sauri. Amma ɗauki batir mai volt 12, kaya masu jan amfer 20, waya mai kaurin milimita murabba'i 2,5, nisa mita 10. Zuwa da dawowa mita 20 ke nan, kuma kusan volt 2,8 za su salwanta cikin wayar, ta yi ta ɗumi. Firigo ya ƙi tashi, sai a ce batir ne ya mutu, a sayo sabo, matsala na nan daram. Dokar Ohm ce, layi ɗaya a kaye. Haka panon sola: ƙarfin da aka rubuta a bayansa a digiri 25 aka auna shi. A ranar Afrilu fuskarsa kan kai 65, ya rasa wajen kashi 16 cikin ɗari tun kafin ƙura ta ci nata rabon.

To ke nan TP, wato darasin gwaji da hannu, ba dole ba ne?

Wa ya faɗa maka? Ɗalibin da ya sa multimetir, na'urar awon wuta, a kan amfer ya cusa shi cikin firiz ɗin wuta na bango, fizibil ɗin da ke kare na'urar ya ƙone, ya koyi abin da allo bai koya masa ba. Ka daina tsayawa bayan abokai kana kwafar lambobi.

Ina sitaj a shantiye, tsohon magini na ƙara ruwa a beto fiye da yadda aka koya mana. In yi magana?

Nan sai a hankali. A takarda kana da gaskiya: beton ginshiƙi da dal, wato rufin kankare, buhun siminti 7 ne na kilo 50 a kowane mita kub, ruwa kuma wajen lita 25 a buhu. Abin da ya haura haka yakan bushe ya bar ƙananan ramuka, ƙarfi ya ragu, ba kuma za ka gani ba sai an fasa samfuri a labo bayan kwana 28, ko tsaga ta fito.

Sai dai shi ma ba wauta yake yi ba. Tsakuwar da ta wuni cikin rana takan sha wani ɓangare na ruwan, yashin rani ba yashin damina ba ne, kuma beto mai tauri ba ya ratsa ƙarafa in sun yi cunkoso, sai a cire katako a tarar da ginshiƙi kamar saƙar zuma. Wannan ma illa ce, wani lokaci ta fi waccan. Don haka duba me ake zubawa tukuna. In daɓen tsakar gida ne, wataƙila ka yi shiru ka kalla. In ginshiƙi ne ko dal da mutane za su kwana ƙarƙashinsa, shiru ba naka ba ne.

Kada ka gyara masa gaban leburorinsa. Ja shi gefe ka ce, "Baba, in mun jiƙa tsakuwar tun da asuba, muka zuba kafin rana ta take, ba zai fi ba?" Sau da yawa ya riga ka sani, motar siminti ce ta makara. In akwai injin girgiza beto a yi amfani da shi, in babu a soka da ƙarfe a bubbuga katakon. Bayan zubi a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. In ya ƙi, kai maganar gun shef shantiye, a rubuta a littafin aiki. Ba kai ke sa hannu ba tukuna, kwantar da hankalinka.

Kayan atilyenmu sun tsufa. Karatunmu ya lalace?

A'a. Tsohon moto da sabo duk doka ɗaya suke bi. Lokacin hutu nemi gareji ko wurin naɗin waya, ka share ƙasa wata biyu, za su bar ka ka taɓa.

Zan samu aiki a NIGELEC ko kamfanin simintin Malbaza da na gama?

Gama tukuna.