Birkin tsohuwar mota mai kujera biyu: amsoshin tambayoyin da kuka fi yi min

Duk wanda ya tayar da tsohuwar buɗaɗɗiyar mota a Legas, MGB ce ko Triumph ko Mercedes SL, sai ya gama kashe kuɗi a fenti da kujerun fata sannan ya tuna da birki. Daga Agege har Obalende tambayoyin ba sa canzawa, kuma bakina ya gaji da maimaitawa. Ga su nan a rubuce.

Birkin da motar ta zo da shi ba ya ci. In canza shi gaba ɗaya?

A'a, Alhaji. Ba ka san yadda yake ci ba, domin ba ka taɓa taka shi yana da lafiya ba. MGB tun fitowarta a 1962 take da birkin faifai a gaba, na ganga a baya. Triumph TR3 ta samu faifai a gaba tun 1956. Mercedes 280SL kuwa ƙafa huɗu duk faifai ne. Sa a canza robobin masta (famfon da ke tura man birki in ka taka feda), a wanke kalifa (abin da ke matse faifan), a sa sababbin tiyo, a daidaita gangar baya, a fitar da iska. Ka yi tuƙi da ita, sannan ka dawo mu yi magana.

Busta za ta sa motar ta tsaya da wuri?

Ba za ta sa ba. Aikinta rage wa ƙafarka wahalar taka feda. In gwiwa na damunka a cunkoson Ikorodu Road, sa ta, babu laifi.

Wane man birki zan zuba?

DOT 4, daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka. Wannan man yana zuƙar ruwa daga iska, kuma iskar Legas a jiƙe take rani da damina. Ma'aunin DOT 4 shi ne kada sabo ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa ma'auninsa 155 ne kawai. In ya tafasa, fedar sai ta nutse ba tare da motar ta tsaya ba. Ruwan kuma yana cinye cikin silinda da tsatsa, musamman a motar da ke kwana a gareji sai Lahadi ake fito da ita. A zubar a sake kowace shekara biyu, kada a wuce.

DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da DOT 3 ko 4 ko 5.1. Kada lambar ta ruɗe ka ka ce biyar ta fi huɗu.

Motata 'yar Ingila ce, sitiyari a dama, layin birki ɗaya. Me zan yi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsar ba guda ɗaya ba ce.

Layi ɗaya yana nufin masta guda ce ke tura mai zuwa ƙafafu huɗu ta hanya ɗaya. Tiyo ɗaya ya fashe, duka sun tafi, sai birkin hannu ya rage maka. Shi ya sa Amurka ta wajabta layi biyu, kuma MGB ɗin da aka tura can daga 1968 da layi biyu suka zo, alhali na kasuwar Ingila sun daɗe da layi ɗaya bayan haka. In akwai sauyi guda da nake goyon baya da zuciya ɗaya, wannan ne. Ka ɗauka kana kan gadar Third Mainland, danfo ta yanke maka gaba, ka taka ka ji babu komai.

Sai dai ba a sayo kowace masta mai layi biyu a kasuwar kayan mota ta Ladipo a ɗaura. Dole faɗin cikin mastar ya dace da kalifa da silindar baya. In ya yi faɗi, fedar za ta yi tauri, ƙarfin matsa ya ragu. In ya yi ƙanƙanta, fedar za ta yi nisa kafin ta kama, kuma a nan haɗarin yake: ranar da layi ɗaya ya mutu fedar na ƙara nutsewa, in babu sauran tazara sai ta taɓa ƙasa kafin ɗaya layin ya yi aiki. Ka kashe kuɗi ke nan ka koma inda kake. Wasu motocin masu ganga a baya suna kuma buƙatar ɗan bawul da ke riƙe ragowar matsi a layin, wasu ba sa buƙata. Ya danganta da mastar da aka sa. Mafi sauƙin hanya, in motar tana da 'yar'uwarta da kamfani ya ƙera da layi biyu, a nemo kayan waccan, har da akwatin feda in ya bambanta.

Sai batun sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, na da hurumin tsayar da kai. In za ka mayar da sitiyarin hagu, to feda da masta da bututun birki duk za su tashi daga inda suke, saboda haka a yi aikin biyu lokaci guda, kada a biya kuɗin aiki sau biyu. Wasu motocin, irin su MGB, an ƙera jikinsu yadda zai karɓi sitiyari ta kowane gefe, aikin bai da wuya sosai. Wasu kuwa sai an yanka ƙarfe, kuma a nan nake cewa a dakata a yi shawara. In motar ta ajiya ce, darajarta a kasancewarta yadda ta fito, ba ta hawa titi, zan iya cewa a bar ta da layi ɗaya a sabunta komai. In za ta shiga titi da matarka ko ɗanka a gefe, ban yarda ba.

Bututu kuma a sa na jan ƙarfe da aka gauraya da nikel, ba ya tsatsa kamar na ƙarfe. Kada wani ya yi maka walda a bututun birki. Wallahi ina ganin ana yi, kuma raina na ɓaci.

In sa faifai a baya?

Galibi ba ka buƙata. Ƙafafun gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, domin nauyin mota gaba yake zubowa in an taka. Ka ƙara wa baya ƙarfi ba lissafi, tayoyin baya su riga na gaba kullewa, motar ta juya da kai a titi mai ruwa. Waɗannan motocin ba su da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki. Sau da yawa birkin hannu ma lalacewa yake yi bayan wannan aikin.

To manyan kalifa masu fistin huɗu da nake gani a intanet fa?

Auna rim ɗinka tukun. Na MGB inci 14 ne, kuma in mai waya ne wurin ya fi matsewa. Mutane na biyan kuɗin jirgi da na kwastan, kaya su iso, su ƙi shiga. In tsohon birkin na iya kulle tayar, babbar kalifa ba za ta rage maka tazarar tsayawa ba. Amfaninta jure zafi in ana taka birki a kai a kai da gudu.

Fad ɗin motar tsere, wato takalmin da ke kama faifai, ya fi ci, ko?

Sai ya yi zafi yake ci. Da safe daga gida zuwa masallaci ba zai yi zafi ba. Sayi na titi daga kamfanin da aka sani, ka guji marar suna komai arharsa.

Na bi ta ruwa a Lekki, birki ya ɓace. Ya lalace ne?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Ganga na riƙe ruwa. Bayan ka fita, ka tafi a hankali kana ɗan taɓa fedar har ya bushe. Amma motar nan gajera ce, ba ta ambaliyar watan Yuni da Yuli ba ce. A bar ta gida.

Tayoyina ba su cinye ba, me ya sa kake cewa in canza?

Domin taya ce ke riƙe titi, kuma roba na bushewa ko ba a hau ta ba. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ta kai shekara goma, cire ta ko da zanenta na nan. A zafin nan namu ni ba na jira ta kai haka.

Yaron gareji zai iya hure ƙurar gangar da iska?

Kada ka bari. Tsofaffin takalman birki na iya ƙunsar asbestos, kuma ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa a goge da tsumma, yaron ya rufe hancinsa da bakinsa.