Tuntuɓar jama'a kan albarkatun ƙasa a yankin Kumasi

Tuntuɓar jama'a ita ce zaman da hukuma ko kamfani ke yi da masu ruwa da tsaki kafin a taɓa daji, ruwa ko ma'adinai. A ƙasar Gana galibi masu bincike da ba da shawara ake ɗauka haya su shiga garuruwa, su ji ta bakin mutane, su rubuta rahoto. Kumasi na cikin cibiyoyin wannan aiki, saboda zinariyar Obuasi da dazuzzukan Ashanti, ga jami'ar KNUST, ga kuma cibiyar binciken gandun daji da ke Fumesua.

Tarihi

Tushen lamarin rigimar ƙasa ce. A 1897 Turawan mulkin mallaka suka kawo ƙudurin doka da zai sa filayen da suka kira "marasa mai shi" a hannun gwamnati. Sarakuna da 'yan boko na bakin teku suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙasa a Cape Coast, suka aika wakilai Landan a 1898, ƙudurin ya faɗi. A shekarar 1897 ɗin dai aka kafa kamfanin Ashanti Goldfields. A lokacin ya tabbata cewa ƙasa ta kujerar sarauta ce, mai neman katako ko zinariya sai ya bi ta fada. Dokar gandun daji ta 1927 ma ba ta ƙwace mallakar dajin ba, kula da shi kawai ta karɓa.

Tsarin mulkin 1992 ya raba abin biyu: doron ƙasa na masu shi, ma'adinan da ke ciki kuwa suna hannun shugaban ƙasa a madadin al'umma. Yawancin ƙorafin manoma daga nan yake tasowa, domin mutum na iya mallakar gonar koko amma a ba wani izinin haƙa a ƙarƙashinta.

Madatsar ruwa ta Barekese a kan kogin Offin, wadda aka gina wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ta tayar da ƙauyuka, kuma maganar diyyarsu ta daɗe ba ta mutu ba. Daga ita da ta Owabi Kumasi ke shan ruwa.

Doka

An kafa hukumar kare muhalli, EPA, da dokar 1994. Ƙa'idojin 1999, a lokacin da suke aiki, sun wajabta taron jin ra'ayin jama'a idan aiki zai tayar da mutane daga mazauninsu, ko ya jawo adawa mai ƙarfi, ko tasirinsa zai yi nisa. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kwamitin sauraron ya zama mazauna yankin. A harkar katako, kamfani na ƙulla yarjejeniya da garuruwan da ke kusa, ya yi musu aiki na kashi 5 cikin 100 na kuɗin itacen da ya biya.

Mutanen zango

Nan ne tsarin ke da rauni. Hausawa sun daɗe a Kumasi, tun zamanin fataucin goro ta hanyar Salaga, amma ƙasa ba tasu ba ce, don haka sunansu ba ya zuwa farko a jerin waɗanda za a tuntuɓa. Ana fara gaisuwa a fadar sarkin gari, a yi taron da harshen Twi da Turanci, mai sayar da katako ko gawayi daga unguwar Aboabo ko Asawase ya ji labari daga baya, alhali abincinsa na cikin dajin nan. Mai binciken da ya san aikinsa yakan je wurin Sarkin Zango da limamai, a yi shela bayan sallar Juma'a, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, a nemo tafinta. Mata kuwa sai an zauna da su daban, ta hannun magajiya, in ba haka ba 'yan koko da masu tuwo, waɗanda suka fi kowa sanin tsadar ruwa da itace, ba za su ce uffan ba.

Taƙaddama

Kamfanin da ke neman izini shi ke biyan mai binciken, abin da masu suka ke cewa yana rage amincin rahoto. Ƙa'idar 2022 da ta halatta haƙar ma'adinai a gandun daji ta sha suka. Galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ba ya bin wannan tsari ko kaɗan, kuma ya gurɓata kogin Offin da na Pra.