Layin Manhaja da Layin Tsaye a Manyan Wuraren Shaƙatawa

Layin manhaja da layin tsaye hanyoyi biyu ne da manyan wuraren shaƙatawa ke bi wajen tsara yadda jama'a za su hau sabon lilo, wato kowane irin abin hawa na wasa, daga jirgin ƙasa mai tashi da faɗuwa zuwa ƙaramar mota mai ratsa ɗakunan da aka ƙawata. An fi yin muhawara a kansu a Amurka, inda kamfanonin Disney da Universal ke da manyan filayensu a jihohin Florida da Kaliforniya.

Layin tsaye shi ne wanda kowa ya sani. Mutum ya je ya tsaya bayan wanda ya riga shi zuwa, ya riƙa matsawa gaba har a zo kansa. A layin manhaja kuwa, baƙo yana kama gurbi ta wayarsa, a ba shi lambar rukuni, ya tafi harkokinsa a cikin filin har saƙo ya shigo cewa an kira rukuninsa. Duk wanda ya taɓa barin jarka a layin famfo ya je ya dawo ya san tushen dabarar. Bambancin shi ne a nan kwamfuta ce ke tsare jarkar, kuma guraben suna da iyaka, idan sun ƙare sun ƙare har wani lokacin rabo.

Asali

A 1999 Disney ya fito da FastPass. Baƙo ya saka tikitinsa a na'urar da ke kusa da lilo, ta ba shi 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da zai dawo ya shiga ta gajeren layi, ba tare da ƙarin kuɗi ba. A farkon shekarun 2000 wani kamfanin Ingila mai suna Lo-Q, wanda daga baya ya koma accesso, ya samar wa filayen Six Flags wata 'yar na'urar hannu da ke riƙe wa mutum gurbi, ita kuwa sai an biya. Duka waɗannan suna tafiya ne tare da layin tsaye, wanda bai samu takarda ba yana iya zuwa ya tsaya.

Universal kuwa ya gwada rufe layin tsaye a fili guda sukutum. A watan Mayun 2017 ya buɗe filin wasannin ruwa na Volcano Bay a birnin Orlando na Florida, inda aka riƙa ba kowane baƙo wani abin ɗaurawa a hannu mai suna TapuTapu. Ya taɓa shi a jikin na'ura, ya koma ya yi iyo har abin ya sanar da shi lokacinsa.

Shekarar 2019 ce ta mayar da batun abin da kowane mai zuwa filayen ke tattaunawa. Ranar 13 ga Yuni, Universal ya buɗe lilon babura na Hagrid a filinsa na Islands of Adventure da layin tsaye, aka ruwaito jira ya kai kusan awa 10 a ranar farko, ga zafin Florida, ga lilon yana tsayawa saboda matsalar inji da ruwan sama. Ranar 5 ga Disamba, da Disney ya buɗe lilon Rise of the Resistance a filinsa na Hollywood Studios da ke Florida, sai ya ƙi buɗe layin tsaye sam. Duk mai son hawa sai ta manhaja. Haka aka yi da ya buɗe irinsa a Disneyland da ke Kaliforniya ranar 17 ga Janairun 2020.

Yadda yake aiki

A watannin farko na Rise of the Resistance sai mutum ya shiga filin da ƙafarsa kafin manhaja ta yarda ya nemi gurbi. Wannan ya sa dubban mutane suka riƙa taruwa a bakin ƙofa tun kafin ketowar alfijir, kowa ido a kan waya, ana buɗewa guraben su ƙare cikin mintuna, wata rana cikin daƙiƙoƙi. Layin da aka so kauce wa sai ga shi ya koma bakin ƙofa. A ƙarshen 2020 aka sauya tsarin, ya zauna a kan rabo biyu a Florida: na ƙarfe 7 na safe, wanda mutum zai iya nema daga ɗakin otal ɗinsa, da na ƙarfe 1 na rana, wanda sai yana cikin filin. A Disneyland rabo na biyu da tsakar rana ake yi.

Neman gurbin kyauta ne, kuma galibi sau ɗaya ake ba mutum a yini a kan lilo guda. Mutum ɗaya kan iya nema wa iyalinsa baki ɗaya idan an haɗa tikitocinsu a manhajar. Ana kiran rukunoni bi da bi, wanda aka kira kuma yana da ƙayyadadden lokaci, galibi awa ɗaya, ya iso. Akwai rukunonin ko-ta-kwana, waɗanda ake gaya musu tun farko cewa ba lallai a kai gare su ba. Ko an kira mutum, akwai sauran tsayuwa a cikin ginin, wadda kan kai rabin awa ko fiye.

Dalilin amfani da shi a sabon lilo

Sabon lilo yana haɗa matsaloli biyu a lokaci guda. Masu son hawa sun fi yawa a watanninsa na farko, kuma a watannin ne inji ya fi tsayawa, domin ma'aikata da injiniyoyi ba su gama sanin halinsa ba. Rise of the Resistance misali ne mai kyau: ya haɗa motoci marasa layin dogo, da ɗagawa sama, da faɗowa, da mutum-mutumi masu motsi, duk a tafiya guda. Ɗaya daga ciki ya cije, sauran su tsaya. Idan mutum dubu biyu na tsaye a layi lokacin da haka ta faru, sai dai a bar su cikin rashin tabbas ko a sallame su bayan sun ɓata awanni. Da layin manhaja kuwa, dakatar da kiran rukunoni kawai ake yi, a ci gaba idan an gyara. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da tsarin ke da ita, kuma da wuya a musa ta.

Akwai kuma batun wuri. An gina zauren jira na kowane lilo ne don cunkoson yau da kullum, ba don na makon buɗewa ba, saboda haka layi kan malalo ya toshe hanyoyin filin. Kamfanin ma yana da tasa riba, domin wanda ba ya tsaye a layi yana iya shiga kanti ko gidan abinci. A lokacin annobar korona dalilin ya ƙaru, tunda ana son tazara tsakanin mutane. Da Universal ya sake buɗewa a Orlando a Yunin 2020 ya faɗaɗa amfani da layin manhaja zuwa wasu liluka.

Lissafin da ke ƙarƙashinsa

Ilmin lissafin layi ya samo asali daga injiniyan Denmak Agner Erlang, wanda ya yi nazarin cunkoson kiran tarho a 1909. A 1961 John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi: yawan masu jira daidai yake da yawan masu shigowa a awa, sau tsawon jiran kowannensu. A ƙaddara lilo yana ɗaukar mutum 1,500 a awa, filin kuma yana buɗe awa 12. Iyakar waɗanda za su hau a yini 18,000 ne. Idan mutum 30,000 ke so, 12,000 za su koma gida ba su hau ba, ko da wane irin layi aka yi amfani.

Layin manhaja ba ya ƙara kujera ko ɗaya. Abin da yake sauyawa shi ne wa zai rasa, da kuma yaushe zai sani. A layin tsaye allon da ke bakin ƙofa yana nuna tsawon jira, mutum ya duba ya yanke wa kansa shawara, wanda ya ga awa uku ta yi masa yawa ya wuce. Haƙuri ne ke tace mutane. A layin manhaja saurin yatsa, da ƙarfin intanet, da sanin dokokin tun kafin ranar su ke tacewa, kuma ana gama shari'ar kafin mutum ya karya kumallo.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne layin tsaye yana haɗiye jama'a. Mutum dubu huɗu da ke cikin zauren jira ba sa kan hanya kuma ba sa layin wani lilo. Idan aka sake su da lambar rukuni a waya, sai su cika sauran layukan, mutum ɗaya ya zama yana jira a wuri biyu.

Ƙorafin baƙi

Babban ƙorafi shi ne na wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya yi doguwar tafiya da 'ya'yansa, ya sayi tikiti mai tsada, sannan cikin daƙiƙa biyar manhaja ta ce masa babu gurbi. Ba shi da damar cewa zai tsaya ko awa nawa ne. Tsarin yana fifita mazauna kusa da masu tikitin shekara, waɗanda suka ƙware wajen danna maɓalli daidai kan lokaci, a kan baƙon da ya zo karon farko, da tsofaffi, da masu zuwa daga ƙasashen waje da ba su jin harshen manhajar sosai. Wannan ƙorafi yana da gaskiya, kuma bai kamata a ɗauke shi a matsayin mita ba.

Kuɗi ya ƙara zafafa batun. A Oktoban 2021 Disney ya maye gurbin FastPass na kyauta da Genie+ da Lightning Lane na biya. Daga nan wanda ya rasa gurbin kyauta a sabon lilo yana iya sayen shiga da kuɗi, idan ita ma ba ta ƙare ba. Masu suka suna ganin rufe layin tsaye yana tura mutane ga biya.

Layin tsaye ma yana da nasa cutarwa. Tsayuwar awanni na wahalar da ƙananan yara, da masu juna biyu, da masu larura, kuma yana cinye yinin da aka biya kuɗinsa a kan lilo guda.

Komawa layin tsaye

A aikace Disney ya ɗauki layin manhaja a matsayin matakin wucin gadi. Rise of the Resistance na Florida ya koma layin tsaye a Satumban 2021, bayan kusan shekara biyu. Remy's Ratatouille Adventure, da aka buɗe a filin EPCOT ranar 1 ga Oktoban 2021, wata uku kacal ya yi. TRON Lightcycle / Run ya buɗe a filin Magic Kingdom a Afrilun 2023, ya samu layin tsaye a Satumban 2024. Wanda ya fi daɗewa shi ne Guardians of the Galaxy: Cosmic Rewind, daga 27 ga Mayun 2022 har zuwa Fabrairun 2025, wato shekara biyu da wata tara, tsawon da masu zuwa filin da yawa suka ga ya wuce kima tunda lilon ya daɗe da daidaita. A Fabrairun 2025 ɗin ne kuma aka buɗe layin tsaye na Tiana's Bayou Adventure, wanda ya fara aiki a Yunin 2024.