Danshi a damina, bushewa a hunturu: yadda za a kula da ɗaki a Zariya

Garin da leɓe ke tsagewa don bushewa, ta ina danshi zai dame shi?

Zariya na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, kuma yawancinsa daga watan Mayu zuwa Satumba yake zuba. Lokacin marka, a watan Agusta, iska kan cika da laima har shanya ta kwana ba ta bushe ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Abin da ya fi dacewa da jiki da kayan ɗaki shi ne tsakanin kashi 40 zuwa 60. Ke nan dabarar watan Agusta ba ta watan Janairu ba ce.

Fentin gindin bangona yana kumbura yana ɓarewa. In sake fenti?

Kada ka yi asarar kuɗinka tukuna, fara neman hanyar ruwan. Idan tabon daga ƙasa yake hawa, da wani farin gari kamar kanwa, to bango ne ke tsotson ruwa daga harsashi. Ana yawan ganin haka a gidajen da ke kwari, kusa da kogin Kubanni, da waɗanda ba a shimfiɗa leda a harsashinsu ba. Idan daga sama yake gangarowa, duba kwano ko indararo.

A gidajen ƙasa na cikin birni akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: shafe bangon ƙasa da siminti ciki da waje. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa. Da an kulle ta da siminti, ruwan da ya shiga ta ɗan tsagi ba shi da mafita, sai ya yi ta cin bangon a ɓoye. Ku gyara yaɓe kafin ruwan fari, ku karkatar da ruwan indararo nesa da gindin bango.

Fumfuna fa, tana da illa?

Ƙwarai, musamman ga yara da masu asma. A wanke wurin da ruwan bilic, taga a buɗe, kuma kada a haɗa bilic da wani maganin wanki. A janye wadirob da gado daga jikin bango kamar taƙi guda, a ɗaga ledar ƙasa a duba ƙarƙashinta, a fitar da katifa duk ranar da rana ta fito. Shanya a cikin ɗaki tana ƙara laima.

To idan hunturu ya kama?

Nan kuma ƙara laimar ake so, don rage haɓo, kaushi da bushewar maƙogwaro. Rataya jiƙaƙƙen tawul kusa da gado, ko ka ajiye ruwa a faranti mai faɗi, amma a riƙa sauya shi kullum saboda sauro. Yayyafa ruwa kafin shara.

Roƙona guda: komai tsananin sanyi, kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana cikin barci.