Barka da arziki bayan kifewar kwale-kwale

Barka da arziki gaisuwa ce da Bahaushe ke yi wa wanda ya tsallake rijiya da baya, ta bambanta da ta'aziyya da ake yi in an rasa rai, ko jaje na asarar dukiya. A hatsarin kwale-kwale kuwa sau da yawa ukun nan haɗuwa suke a gida ɗaya, wannan ya fita, ƙaninsa bai fita ba, buhunan hatsi kuma sun tafi. Amsar dai ita ce alhamdulillahi, mai gaisuwa ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Mutanen Abuja ba baƙin abin ba ne duk da ana ganin birni ne na kwalta. Kogin Gurara ya ratsa ta yankin Kwali da Abaji, da damina akwai ƙauyukan da sai da fito ake shiga, ga kuma 'yan uwa a Neja da Kogi da Kebbi. Lokacin da jirgi ya kife a Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023 da mutane masu dawowa daga biki, sama da 100 suka rasu. Dalilan kusan kullum su ne dai, obalodi, tafiyar dare, kututturen da ruwa ya rufe, ga ba rigar kariya.

A hukumance akwai NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, an kafa ta 1997 hedikwatarta na Lokoja, ita ce ta hana tafiyar dare, sai NEMA ta agajin gaggawa da aka kafa 1999 tana nan Abuja, da lambar kira 112. Amma fa maganar gaskiya kafin motar hukuma ta iso bakin ruwa masunta da masu fito sun riga sun faɗa, Sarkin Ruwa yana tsaye yana nuna inda ruwa ke kai abin da ya ɗauka, don shi ya san kogin. Cikin fasinjojin, wani gora za a miƙa masa, wani jarka ya runguma har aka cimma shi. Matan gari kuma su hura wuta, a kawo zani busasshe da kunu mai zafi, baƙon da ba a san ko sunansa ba ya kwana a zaure, a ara masa waya ya kira gida tunda tasa tana ƙasan kogi.

Godiyar tana da tsarinta. In mutum ya warware yakan yi sadaka, a dafa abinci a kai masallaci, sannan dattijan gidansu su yi takakkiya har garin da goro da turmin atamfa ko 'yan kuɗi a matsayin tukwici. Yanzu an ƙara da rubutu a Facebook, inda abin haushi za ka ga an jero sunayen hukumomi an manta masuncin da ya jiƙe. Masuntan ma ba kasafai suke karɓa nan take ba, sai an yi ta ja, ya ce haba Alhaji ai don Allah muka yi, ƙarshe a miƙa wa Sarkin Ruwa ya raba.