"Vintage": Ba Kowane Gwanjo Ne Ya Cancanci Sunan Ba

Kwanakin baya na ji mai talla a rediyo yana shelar cewa shagonsu ya sauke "sababbin agogunan vintage, yanzu aka fasa kwali." Sabo fil, kuma vintage. Kamar a ce maka zo ka ga jariri mai furfura. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Leƙa shafukan 'yan kasuwar Instagram da WhatsApp ka sha kallo: riga vintage, tabarau vintage, har yadin da aka buga jiya a masana'anta, muddin yana da zane mai hayaniya, ya zama "bintej", kamar yadda bakinmu ya lanƙwasa kalmar. Wasu kuma sun mai da ita hodar da ake shafa wa gwanjo don a ninka masa kuɗi.

Kalmar ba ta da alaƙa da agogo ko riga tun farko. Daga gonar inabi ta fito. Turanci ya are ta daga Faransanci, inda "vendange" ke nufin girbin inabi, shi kuma ya gaje ta daga Latin. Masu haɗa giyar inabi a Turai kan rubuta shekarar girbi a jikin kwalba, saboda damina ba ta zama ɗaya: wata shekarar rana ta yi yawa, wata ruwa ya ɓata 'ya'yan. Wannan shekarar da ke jikin kwalba ita ce vintage. Ban sani ba ko hajiyoyin da ke tallar abaya da kalmar sun san daga inda ta taso, amma mu bar wannan.

Manomin Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san geron bana, ya san na bara, kuma in ya buɗe rumbu zai gaya maka wannan damin na shekarar da fari suka sauka ne. Tsufan hatsin bai dame shi ba kamar sanin daminar da ta haife shi. To haka kalmar take. Abin da ake kira vintage abu ne mai shekarar haihuwa, wanda ke ɗauke da kamannin zamaninsa. Shi ya sa masu tsofaffin motoci a Ingila suka yanka mata iyaka, suka ce motar vintage ita ce wadda aka ƙera tsakanin 1919 da 1930. Kayan da ya kai shekara 100 kuwa ya tsallaka wani aji da ake kira "antique", kuma dokar kwastan ta Amurka ma da wannan ma'aunin take aiki.

A harkar agogon hannu babu dokar da ta tsayar da adadi. Yawancin masu tara agoguna kan ce shekara 20 zuwa 30. Masu tsauri kuma suna jan layin a zuwan agogon batir. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da dutsen kwaz, a kan yen 450,000, kusan kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Irin wannan agogon ya ci kasuwar na da, har cikin shekara goma sha biyar ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga wajen 90,000 zuwa wajen 30,000. A wurin masu tsaurin, abin da aka ƙera kafin wannan guguwa, wanda ake wanawa da hannu ko otomatik mai wana kansa, shi ne na gaske. Ni ban kai nan ba. Casio F-91W da aka saya a 1989, shekarar fitowarsa, ya cancanci sunan a ganina. Amma har gobe ana ƙera shi da siffarsa ta farko, kuma wanda ya fito daga masana'anta bana sabon agogo ne mai tsohon yayi, ko da an buga kalmar a jikin kwalinsa.

Gwaji ɗaya nake yi wa duk mai ce min agogonsa vintage ne: na wace shekara ne? In ya fara sosa ƙeya yana cewa "ai wallahi tsohon zamani ne," na san gwanjo nake kallo. Gwanjo kuma ba abin kunya ba ne, a dai kira shi da sunansa.

Wannan tambayar ce ta haɗa ni da wani dattijo a teburin mai gyaran agogo a Kano, irin teburin nan mai akwatin gilashi cike da gawarwakin agoguna da murafu da sarƙoƙi. Ya kawo Seiko 5, fuskarsa ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, gilashin duk ƙarce, ranakun mako da Larabci a 'yar tagar gefe. Ya ce a canza masa fuska, a goge jikin ya yi ƙyalli. Na kasa haƙuri na ce, "Baba, don Allah ara min in duba bayansa." Ya dube ni kamar mai shirin ƙwace, sannan ya miƙo.

Seiko yana da wata al'ada mai daɗi. Lambar da ke murfin baya, adadin farko shi ne ƙarshen shekarar ƙira, na biyu kuma wata: 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, sai O, N da D na watanni ukun ƙarshe. Nasa ta fara da 26, wato Yunin wata shekara mai ƙarewa da 2. Wace ce a ciki? Nan lambar inji ke shigowa. An rubuta 6119, injin da aka yi yayinsa daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970. Ba sauran zaɓi sai 1972. Da na faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, ka yi gaskiya. Mahaifina ya sayo shi a Jidda, hajjin shekarar da aka bar fam aka koma naira." Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1973, kuma hajjin ya faɗo cikin wannan watan. Lambar Japan da lissafin Bahaushe suka haɗu a wuri ɗaya, mai gyara yana kallonmu da madubi maƙale a ido.

A nan ne ɗabi'armu ke karo da ta masu tarawa. Mu mun fi son a wanke abu ya koma kamar sabo. Su kuwa wannan dusashewar fuskar, da ƙarcen da ke gefen, su ne shaidar shekarun, kuma agogon da aka sake wa fenti ko aka goge har kusurwoyinsa suka lafe darajarsa faɗuwa take yi. Kasuwannin intanet cike suke da agogunan da ake haɗawa a Indiya: inji daga nan, jiki daga can, fuska sabuwa mai launin alewa da sunan Seiko ko HMT ko Oris. Kowane ɓangare yana iya zama tsoho, amma agogon ba shi da shekara, don bai taɓa fita daga wata masana'anta a haka ba. Abin dariya kuma, kayan da ɗan kasuwa ke kuka da shi, wato kwantai, shi ne zinariya a wurinsu. Agogon da ya yi shekara arba'in a lokar shago ba wanda ya taya, da takardarsa da kwalinsa, ya fi wanda aka ɗaura tsada nesa ba kusa ba.

Kuɗi ne ya ɓata kalmar, in ka tambaye ni. Tun da aka yi gwanjon agogon Rolex Daytona na ɗan fim Paul Newman a New York cikin Oktoban 2017 a kan dala miliyan 17.8, kowa ya fara yi wa Radon kakansa kallon fili a Abuja. Mafi yawan tsofaffin agoguna ba za su sayi ko babur ba, kuma masu son su da gaske sun san haka tun kafin su fara.

Dattijon nan ya fasa canza fuskar. An wanke injin, an sa mai, an sauya gilashi kawai, ya sa tsohon a aljihu. Mun yi musayar lamba, kuma daga baya ya haɗa ni da wasu abokansa biyu, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai agogon West End da wani tela mai Citizen guda huɗu. Duk Asabar bayan la'asar mukan haɗu a bencin mai gyaran, kowa da abin da ya tono. Tsakanina da ƙaraminsu akwai shekara talatin, amma in aka buɗe murfin baya ba a tuna wannan. Yanzu wata uku ke nan muna neman kan da ake wana agogo da shi, na asali, na West End ɗin. Telan ya ce akwai wani mai gyara a Zariya da ba ya zubar da komai, mun sa ranar zuwa bayan sallah.