Suna ɗaya, fure daban-daban

Masu sha'awar furen okid da dama sun ɗauka duk tsiron da ke da suna ɗaya mai rajista, furensa iri ɗaya ne. Ba haka ba ne. Ƙungiyar masu aikin lambu ta Ingila, RHS, mai riƙe da kundin rajistar okid tun 1961, haɗin iyayen take yi wa rajista, wato tsirrai biyun da aka yi wa barbara. Duk 'ya'yan wannan haɗin sunansu ɗaya, ko da wani ne ya maimaita shi bayan shekaru. Kwanso guda kuwa na ɗauke da dubban iri masu kama da ƙura, kowane in ya tsira da kamannin furensa: wani fari fat, wani ɗige-ɗige. Wanda ya yi fice ake raɗa wa suna na biyu, a yaɗa shi ta raba tushe ko a ɗakin gwaji. Wannan sunan ya kamata mai saye ya duba.